Haƙƙin Mai Gida Da Na Ɗan Haya Idan Rufi Ya Yi Yoyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya gidaje su zama sutura da wurin natsuwa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowace shekara idan damina ta yi nisa, marka ta sauka cikin watan Agusta, ƙofar masu unguwanni da zaurukan alƙalai sukan cika da ƙara iri ɗaya. Ɗan haya ya zo yana kuka ɗakinsa yana yoyo, shimfiɗa ta jiƙe, hatsi ya yi fumfuna, ya aika wa mai gida har sau uku bai ko leƙo ba. Mai gida kuwa ya ce shi ya ba da gidansa lafiya lau, saboda haka wanda yake kwana a ciki shi ya kamata ya nemo kafinta. Kowannensu yana rantsuwa, kowannensu yana ganin shi aka zalunta. Sau da yawa dukansu masallata ne, watakila ma a sahu ɗaya suke tsayawa, amma babu wanda ya taɓa zama gaban malami ya ji babin haya, alhali kuwa malaman fiƙihu sun yi bayaninsa dalla-dalla, har da hukuncin ruwan da yake ɗigowa daga rufi.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, haya ciniki ce, kuma abin da ake sayarwa a cikinta shi ne amfanin gida na wani lokaci sananne. Ginin yana nan a mulkin mai shi, amfanin kuwa ya koma mulkin ɗan haya har wa'adi ya cika. Malaman Malikiyya sukan kira ƙwadagon mutum da hayar ƙananan kaya da sunan ijara, hayar gida da ƙasa da dabba da jirgin ruwa kuwa sukan kira ta kira'i, amma ƙa'idar duka ɗaya ce. Duk hukuncin da zai biyo baya daga wannan tushe ya tsiro. Tun da amfanin ya fita daga hannun mai gida, ba shi da ikon ya kutsa kai cikin gidan yadda ya ga dama yana cewa ai gidansa ne. Umurnin neman izini da sallama da ya zo a cikin Suratun Nur ya hau kansa kamar yadda ya hau kan kowane baƙo, balle gidan da yake da matan aure a ciki. Haka nan ba ya halatta ya kulle ɗaki guda ya tara buhunan masararsa bayan ya riga ya ba da gidan duka. Kadan ya yi haka, sai a rage wa ɗan haya kuɗin wannan ɗaki.

Kamar kowane ciniki, haya ba ta inganta sai an san kuɗi, an san wa'adi, an san abin da aka bayar, kuma amfanin ya zama na halal. Furucin baki ya isa ya ƙulla ta, amma ayar bashi da take kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta shiryar da muminai ga rubutawa da kafa shaidu. Abin mamaki ne a ga mutum ba ya yarda ya sayi babur sai an ba shi rasit, amma ya miƙa kuɗin hayar shekara ta hannun dillali ba tare da ko ƙyallen takarda ba, wai don kunya. Wannan kunya ba ta daga cikin imani, ita ce ma take haifar da rantsuwar ƙarya daga baya.

Malamai sun raba hayar gida kashi biyu. Akwai wadda suke kira wajiba, watau wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekara guda daga watan kaza zuwa watan kaza. Wannan ta lizimci kowa, mai gida ba shi da ikon ƙara kuɗi ko ya tashi mutum a tsakiyarta don wani ya zo da tayi mai tsoka, ɗan haya ma ba shi da ikon ya fita ya ce a mayar masa da saura ba tare da wani dalili na shari'a ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida a kan cika irin wannan ƙulli take umurni. Akwai kuma mushahara, watau a ce kowane wata kaza, ba tare da an faɗi ƙarshe ba. Ita wannan ba ta lizimci kowa ba, sai gwargwadon abin da aka riga aka biya.

Karɓar kuɗin gida tun kafin a shiga ya halatta idan an yarda da haka ko al'ada ta gudana a kansa. Amma halaccin abu daban, kyawunsa daban. Ƙaramin ma'aikacin da yake ɗaukar albashi wata-wata, idan aka ce sai ya kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, galibi ƙofar bashi aka tura shi, wani ma har ƙofar riba. Saboda irin wannan ne Jihar Legas ta kafa doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya a mafi yawan sassan jihar. Musulmi bai kamata ya jira sai majalisa ta koya masa sauƙaƙawa ba, gama Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mai rangwame a wajen saye da sayarwa da neman biyan haƙƙinsa.

To, sai batun gyara, wanda shi ne uwar rigima. Tun da ginin na mai gida ne, gyaran jikin ginin a kansa yake: rufi, da katanga, da azara, da indararo, da rijiya idan ta rufta, da duk abin da zaman gida ba ya yiwuwa sai da shi. Shi ya sayar da amfani, shi ne kuwa zai miƙa wannan amfani cikakke daga ranar farko har ranar ƙarshe. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Shaihu Halilu ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 8 na Hijira, wanda Muhtasar ɗinsa yake cikin littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da su, ya bi lalacewar gida mataki-mataki. Idan abin da ya lalace ado ne kawai wanda bai rage darajar hayar ba, alal misali zanko ya faɗo daga kan soro, kuɗin haya yana nan cikakke. Idan kuwa ɗaki ya rushe, ko an ba da gida mai bene amma ba a sa matakala ba, sai a rage kuɗi gwargwadon abin da aka rasa. A ɗauka mutum ya kama gida mai ɗaki huɗu masu daraja ɗaya a kan Naira 240,000 a shekara, sa'an nan ɗaki guda ya faɗi saura wata 6 wa'adi ya cika. Rabon wannan ɗaki a shekara Naira 60,000 ne, na wata 6 kuwa Naira 30,000, wannan shi za a mayar masa. Da daraja ake yin lissafin, domin turaka ba ɗaya take da ɗakin ajiya ba. Idan kuwa lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, wanda Shaihun ya ambata da sunansa, sai a ba ɗan haya zaɓi, ko ya warware hayar ya karɓi sauran kuɗinsa, ko ya zauna ya biya cikakke. In mai gida ya yi hanzari ya gyara kafin ya fita, to zaɓin ya faɗi, sai ya zauna ya cika wa'adinsa.

A nan ne wasu masu gidaje da suka ɗan ji ƙamshin karatu suke fakewa. Sukan ce ai malamai sun faɗa ba a tilasta wa mai gida gyara. Lalle wannan magana tana nan, ita ce ra'ayin Ibnul Ƙasim, babban almajirin Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 191 ta Hijira, kuma ita Shaihu Halilu ya bi. Amma wanda ya ɗauki rabin hukunci ya bar rabi bai yi wa ilmi adalci ba. Rabin da ake bari shi ne cewa ɗan haya yana da ikon fita, kuma sauran kuɗinsa wajibi ne a mayar masa. Mai gidan da ya ƙi gyara, ya kuma ƙi mayar da kuɗi, ba shi da wani malami da zai jingina da shi, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna, abin da Suratun Nisa'i ta hana. Har wa yau Ibnu Habib, malamin Andalus, ya tafi a kan cewa ana tilasta wa mai gida ya gyara ƙaramar ɓarna mai cutarwa irin ta yoyo. Duk wanda ya dubi halin birane kamar Kano da Kaduna da Abuja, inda mutum yakan yi watanni yana yawo bayan dillalai kafin ya sami ɗaki, zai gane cewa a ce wa mai iyali ya kwashe kayansa a tsakiyar marka ba wani zaɓi aka ba shi ba. A irin wannan hali maganar Ibnu Habib ta fi kusa da ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda hadisinta yake cikin Muwaɗɗa'in Imamu Malik. Kuma ko da alƙali bai tilasta ba, katangar da mai ita ya san ta tsage, aka gargaɗe shi ya yi biris har ta faɗa wa ɗan mutane, akwai tambaya a kanta gobe ƙiyama, akwai kuma ramuwa tun a duniya.

Shi ma ɗan haya yana da nasa kuskure a wannan babi. Wani ba ya sanar da kowa, sai ya kira magini ya yi aiki, ranar biya ta zo ya ce ya cire kaza. Wanda ya yi gyara ba da izinin mai gida ba, malamai suna ɗaukarsa mai sa kai ne, ba shi da ikon ya zabge kuɗin haya da kansa. Iyakar abin da yake da shi idan zai tashi, ko a bar shi ya cire kayansa, ko a biya shi ƙimarsu a matsayin ɓaraguzai, wadda kowa ya san ba ta kai abin da ya kashe ba. Hanyar da ta kuɓuta ita ce ya sanar, a yi shawara, a amince a gaban shaidu cewa zai gyara daga cikin kuɗin hayar da ya hau kansa. Wannan malamai sun halatta shi a fili, ko yaɓe ne ko wani gyara.

Abin da suka hana shi ne mai gida ya shar'anta tun farko cewa duk gyaran da ya taso nan gaba ɗan haya zai yi daga aljihunsa, bayan kuɗin haya. Dalilinsu kuwa shi ne kuɗin hayar ya zama abin da ba a sani ba, domin babu wanda ya san ko kwano ɗaya za a sauya ko rufin duka iska za ta yaye. Wanda yake son ya ga hikimar wannan hani sai ya dubi abin da ya faru a Ingila. A can, mafi yawan masu sayen ɓangarori a dogayen benaye doguwar haya suke saya, ta shekara 99 ko 125, ginin kansa kuwa yana hannun wani mai shi, kuma yarjejeniyar takan ɗora musu kuɗin kula da gini da gyaransa ko nawa ya kama. A ranar 14 ga Yuni, 2017, gobara ta tashi a benen Grenfell mai hawa 24 a birnin Landan, mutum 72 suka rasu, aka kuma gano cewa kayan da aka lulluɓe bangon waje da su ne suka yaɗa wutar. Da aka bincika sai aka tarar da benaye da yawa masu irin wannan lulluɓi. Sai aka shiga aiko wa masu doguwar haya takardun biyan kuɗin sauya shi, kuɗin da da yawansu ba su da shi, a kan aibin da ba su suka yi ba. Sai a 2022 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta ɗauke wa da yawa daga cikinsu wannan nauyi. Ƙofar da ta kai su ga wannan wahala ita ce wadda malaman fiƙihu suka toshe tun ƙarnoni da suka shige.

Kwashe masai kuwa, malamai sun yarda a shar'anta shi a kan ɗayansu, domin gwargwadonsa sananne ne a al'ada. Idan ba a yi magana ba, sai a koma ga al'adar garin. Haka ma kuɗin wuta da na famfo da na shara. A gidan da ake zaman haya da yawa a kan mita ɗaya, wanda yake kunna rishon lantarki da dutsen guga a ɓoye, sa'an nan a raba kuɗi daidai da mai ƙwai ɗaya, ya sani haƙƙin maƙwabcinsa ya ci.

Gida amana ne a hannun ɗan haya. Ma'anar wannan a fiƙihu ita ce ba ya biyan abin da ya lalace don tsufa ko don wata ƙaddara daga sama, kamar fenti ya dushe ko iska ta ɗauke kwano. Amma yana biyan abin da ya ɓata da ganganci ko da sakaci. Wanda ya kama ɗaki don kwana ya kafa injin niƙa har bango ya tsage, ko ya ɗaure tumaki a ɗakin siminti, ko ya bar kwata ta toshe ruwa ya kwanta a gindin katanga har ta jiƙa ta zube, ya wuce abin da aka sayar masa. Daga cikin amana akwai sanar da mai gida da wuri, domin tsagar da buhun siminti ɗaya zai toshe a watan Mayu, idan aka yi shiru takan ci katanga a watan Agusta. Akwai wata muguwar magana da ta zama ruwan dare, wai ai gidan haya ne, sai ka ga mutum yana yi wa gidan abin da ba zai taɓa yi wa nasa ba. Mai faɗin haka ya manta cewa wani gidan na marayu ne, wani na tsohuwa ce wadda da kuɗin hayar take cin abinci.

Ɗan haya yana da ikon ya ba wani hayar abin da ya kama, muddin wanda zai shiga bai fi shi cutar da ginin ba, kuma ba a shar'anta masa hani ba. Idan an shar'anta, to Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In kuma ya bayyana fasiƙi ne mai damun maƙwabta, hayar ba ta warwarewa don haka kawai, sai dai a kai shi gaban hukuma ta tsawata masa, in ya ƙi hanuwa ta fitar da shi ta ba wani wurin a madadinsa.

Biyan kuɗi a kan lokaci shi ne babban haƙƙin mai gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah ya kira taurin bashin mai hali da sunan zalunci. Wanda yake da kuɗin ɗinkin biki da na sabuwar wayar hannu, amma idan ya hango mai gida sai ya sa yaro ya ce ba ya nan, ya haɗa zalunci da koya wa ɗansa ƙarya. Wanda kuwa ya shiga ƙunci na gaskiya, aiki ya ƙare ko ciwo ya kwantar da shi, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara masa har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Wannan bai wajabta wa mai gida ya zaunar da mutum kyauta har abada ba, yana da haƙƙin ya karɓi gidansa idan wa'adi ya cika. Amma ta ƙofar hukuma ake karɓa. Cire ƙyaure, da yaye kwano, da yanke ruwa, da watso kayan mutum waje a gaban 'ya'yansa, da gayyato 'yan daba, duk ɗaukar hukunci ne da hannu, shari'a ba ta yarda da shi ba, dokar ƙasa ma haka. A dokar karɓar gida da ake aiki da ita a Abuja, wadda ta yi kama da ta jihohi da yawa, idan babu wata yarjejeniya dabam, mai hayar wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai hayar shekara na wata 6, bayan ya cika a ƙara masa na kwana 7, sa'an nan a tafi kotu.

Saura mas'aloli biyu da jahilcinsu ya yi yawa. Ta farko, sayar da gida ba ya warware hayar da take da wa'adi. Mai saye zai jira wa'adin ya cika, in kuwa an ɓoye masa cewa akwai haya a kai, da wanda ya sayar masa zai yi rigima, ɗan haya ba ruwansa. Ta biyu, mutuwa ma ba ta warware ta a mazhabar Malik da Shafi'i da Ahmad, Hanafawa kuwa sun saɓa. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya tabbatar da wannan a cikin Risala, littafin da ake karantawa a kowane zaure. Saboda haka magadan mai gida ba su da ikon su ce mahaifinsu ne ya yi alkawari, su ba su san da shi ba. In kuma ɗan haya ne ya rasu, sauran wa'adin ya zama na magadansa.

Mafi nauyin wannan a kan matar mamaci yake. Allah Ya wajabta mata takaba ta wata 4 da kwana 10, a kuma cikin gidan da mutuwar ta same ta. Risala ta bayyana cewa tana da haƙƙin zama idan gidan na mijin ne ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Idan wa'adin ya ƙare tana cikin takaba, ba ta fita, sai fa in mai gida ya ƙi karɓar kuɗin hayar da ya dace da irin gidan ya fitar da ita, a sa'an nan ne aka yi mata izini ta koma wani wuri ta ƙarasa kwanakinta, ita ba ta da laifi. Mai gidan da ya zo gaisuwar uku da takardar notis a aljihu, ko ya ninka kuɗi don ya san ba ta da ikon motsawa, shi zai amsa tambayar wannan fita. Kuɗin sauran kwanakin kuwa, in ba ta da shi, dangin mamaci da jama'ar masallacin unguwa su ne suka fi cancanta su haɗa su biya.

Wallahu a'alamu.